Yadda Na Rage wa Ampilina Murya

Ranar da na fara kunna ampilin da na haɗa da hannuna a gidanmu na Madawa, sai da akuyar Inna ta tsallake katanga. Akuyar nan tsohuwa ce, ko kwata za ta ƙetare sai ta tsaya ta yi shawara da kanta. Amma ranar nan ina taɓa tsirkiyar gita ta tashi sama kamar an ba ta fuka-fuki, sai gidan maƙwabta muka je muka ɗauko ta. Daga nan na tabbata na haɗa abin kirki.

Ga wanda bai sani ba, ampili shi ne akwatin da ake jona wa gita don ya ƙara mata murya. Na zamani cike suke da kasuwa, ba su da nauyi, in ka buɗe cikinsu ba ka ganin komai sai ɗan faifai kore kamar katin salula. Nawa ba irinsu ba ne. Nawa na kwalabe ne. Masu gyara suna ce musu lamp, ni kwalabe nake ce musu, don da kwalaben turare suka yi kama, in an ba su kuran, wato wutar lantarki, sai cikinsu ya yi ja kamar garwashi. A shagon Kawu na samo su. Kawu ƙanen Inna ne, gyaran rediyo yake yi a kasuwa, kuma a bayan shagonsa akwai tarkacen da ko shi bai san ƙarshensu ba. A ƙarƙashin tarkacen na tono wani tsohon ampili na gidan silima da aka rufe tun ba a haife ni ba. Ɓeraye sun cinye wayoyinsa, zanzaro ya yi gini a ciki, amma kwalaben lafiya lau, manya huɗu da ƙanana biyu, da transfo guda biyu, dunƙulen ƙarfe da naɗaɗɗiyar waya masu sarrafa ƙarfin wuta, masu nauyin jariri. Kawu ya ce in ɗauka in rabu da shi. Hutun damina gaba ɗaya a kansa na ƙarar da shi, ina kallon yadda ake yi a salula, ina narka dalma, ina ƙona yatsu. Na kwance shi kaf na sake haɗawa yadda zai karɓi gita, na yi masa gida da akwatin katako na ganyen shayi, na sa masa lasifikar da na ciro daga wani mataccen bafal, babban akwatin sauti na masu kiɗan biki.

Son gita kuwa a Kaita ya kama ni. Mun je biki da Baba, na ga wasu samarin Buzaye sun naɗe kai da rawani suna kaɗa ta, tana wani irin kuka mai ɗan gurnani a ƙasa, kamar raƙumi ya koyi waƙa. Tun daga ranar nake neman muryar nan. Gitar da nake da ita ta yayan wani abokina ce, ya tafi ci-rani ya bar min riƙo. Da na jona ta da ampilina, sai na gano wani abu da ya zama asalin duk wahalata. In na murɗa maɓallin murya kaɗan, gitar tana fita siririya, ba gishiri, kamar sauro a cikin gwangwani. Muryar Kaita ba ta fitowa sai na murɗa shi har ƙarshe, manyan kwalaben nan sun ji jiki, sun fara nishi. A nan daɗin yake. Kuma a nan ne kwanukan Inna suke fara tafiya da kansu a kan kanta.

Unguwa ta saba da ni, ko in ce ta haƙura. Mai shayin bakin kwalta ya ce ba ya buƙatar cokali, in na fara kiɗa sukari da kansa yake narkewa. 'Yan kabu-kabu suka mai da ni alamar kwatance, in baƙo ya tambayi unguwarmu sai su ce ya bi ƙara. Baba da rana yana lambun albasa, bai cika jin abin da idonsa ba, sai dai labari. Haka muka zauna lafiya har sanyi ya shigo, Yaya ta zo.

Yaya ita ce babbarmu, tana aure a Buza. Cikin fari ne da ita, sai aka kawo ta gida goyon ciki, ta haihu a gaban Inna, ta yi wankan jego har ta yi arba'in kamar yadda ake yi. Ban damu ba, don Yaya tana son kiɗana, ko dai tana jin kunyar ce min ba ta so. Abin da ban yi lissafi da shi ba shi ne Kaka. Kaka mahaifiyar Baba ce, a Urno take zaune, kuma ba a taɓa wankan jego a danginmu ba da ita ba. Ta sauko daga mota da ƙullin kayanta, da ƙaramar ƙwarya cike da man kaɗe, da sandarta wadda ba don tafiya take riƙe ta ba. Ni da ita wasan jika muke yi, tana ce min maigida ina ce mata amarya. Tana ganina ta ce maigida ya yi tsawo amma har yanzu ba shi da ko kaza, ni kuma na ce amarya ta zo biko ba a je neman ta ba.

Washegari da hantsi na ce bari in yi wa amarya maraba. Ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida tana tsince wake. Na kunna ampili, na jira kwalabe suka yi ja, na murɗa har ƙarshe, na saki tsirkiya ɗaya. Waken da ke faifai ya yi tsalle ya dawo. Kaka ba ta yi tsalle ba. Ta ajiye faifan a hankali, ta ɗauki sanda, ta zo bakin ɗakina ta tsaya tana duban akwatin.

"Wanga mi ne ne?"

Na ce ampili ne, ni na haɗa shi.

"Kai ka haɗa shi. To kai za ka kwance shi."

Da yamma da Baba ya dawo aka yi zama. Kaka ta ce jariri sabon zuwa kunnensa kamar fatar albasa yake, kuma mai jego ba ta son firgita. Baba bai taɓa yi wa mahaifiyarsa musu ba, ba kuwa a kan akwatin shayi zai fara ba. Ya ce gobe in mai sayen tsohon ƙarfe ya biyo da kurarsa a ba shi. Na ce zan daina kunnawa har Yaya ta koma Buza. Baba ya yi dariya, ya ce ya san ni tun ban san kaina ba, ko wuni guda ba zan iya ba. Gaskiya ya faɗa, amma ban nuna masa ba. Sai na ce to a ba ni dama in rage masa murya, yadda zan yi kiɗa a ɗakina ba a ji a ɗakin mai jego ba. Ɗakunan nan biyu kuwa bango ɗaya ya raba su.

Baba ya dubi Kaka. Kaka ta ce ta yarda, daga nan har Allah ya sauki Yaya lafiya in yi duk dabarar da zan yi. Amma ta lura da abin da ban zaci ta lura da shi ba.

"Na ga abin da kake murɗawa, kamar kunne. Ranar gwaji ni za ni murɗa mai kunnen da hannuna, har ƙarshe, yadda kake yi. In jinjiri ya motsa, ko na jiyo shi daga ɗaki, mai ƙarhe ya samu kaya."

Na ce na yarda, da murya irin ta wanda ya san abin da zai yi. Ko kaɗan ban sani ba tukuna, amma na san zan sani.

Mai sayen ƙarfen nan ban san wa ya kai masa labari ba. Da safe ya tsaya a ƙofar gida, ya roƙi a nuna masa kayan, ya ɗaga akwatin ya jijjiga, ya ji nauyin transfo, ya yi wani murmushi da har yau ban yafe masa ba. Ya ce akwai jan ƙarfe mai kyau a ciki. Daga ranar kullum sai ya biyo ta layinmu, ya rage tafiya, ya tambayi lafiyar mai ciki. Duk unguwa ba wanda ya kai shi ɗokin haihuwar nan.

Dabarar farko ta kowa ce. Na ɗauko bargon Inna mai hoton damisa na lulluɓe akwatin ruf. Murya ta ragu kaɗan, ta koma kamar mutum yana faɗa da bakinsa cike da tuwo. Ina cikin jin daɗi sai na ji ƙauri. Kwalabe zafi suke yi, iska suke so, ni kuma na toshe musu ko'ina. Na fizge bargon, na tarar damisar ta samu sabon tabo a gindin wutsiya. Na ninke shi yadda tabon zai shige ciki na mayar. Inna ta gano a daren, don sanyi ake yi, kuma abin da ta faɗa ba na rubutawa ba ne.

Dabara ta biyu ta masu ilimi ce. Na gani a salula cewa in ampili yana da manyan kwalabe huɗu, ana iya zare biyu, ɗaya daga kowane gefe, ƙarfinsa ya ragu da rabi. Na kashe shi, na jira ya huce, na sauke kuran ɗin da yake ɓoyewa a ciki kamar yadda Kawu ya koya min, don abin nan ko an zare shi daga bango yana iya jefar da mutum waje. Na zare biyu, na naɗe su a safa, na mai da wayar lasifika inda ya dace da biyun da suka rage. Na fito tsakar gida na sanar cewa yanzu rabi ya tafi. Na koma na kaɗa. Kaka ta aiko ƙanwata ta tambaye ni wane rabin ne ya tafi, don ita duka biyun take ji. Ranar na koyi cewa kunne ba ya lissafi irin na lakwal, wato makarantar boko. Ka raba ƙarfi biyu, shi ɗan kaɗan zai ji an rage. In da haka zan bi, sai na zare kwalabe ɗari, ni kuwa huɗu gare ni.

Sai dabarar rumbu, wadda har gobe ina cewa tunani ne mai kyau. A bayan gidanmu akwai rumbunan ƙasa biyu, irin manyan nan masu ciki kamar tulu, da hular ciyawa a ka. Ɗaya cike yake da hatsin bana, ko kusa da shi ban isa in je ba. Ɗayan tsoho ne, an daina zuba komai a ciki. Na ce a raina, abin da ya hana ɓera da ruwan sama shiga ai zai hana murya fita. Na ciro lasifikar daga akwati, na ɗaura mata doguwar waya, na hau tsani, na ɗaga hular, na zura ta da igiya har ƙasa, na mai da hular. Ampili yana ɗaki, lasifika tana rumbu. Nufina in ji 'yar muryar da za ta tsira ta taga.

Abin da ban tuna ba shi ne, duk wanda ya taɓa sa kai a cikin tulu ya yi magana ya san tulu ba ya rage murya. Na murɗa har ƙarshe na bugi tsirkiyar ƙasa, mai kauri. Rumbun nan ya yi wani irin nishi da ban taɓa jin irinsa ba, ba a kunne ake jin sa ba, a ciki ake ji, wajen cibiya. Hular ciyawa ta ɗaga ta zauna. Jemagu suka fito da rana tsaka, ƙadangaru suka watse ta kowace kusurwa, wani ɓera da ya yi shekaru yana mulki a ciki ya fito da iyalinsa ya bi ta kan ƙafar Inna. Kajin gida suka bar ƙwai suka hau bishiyar dogon yaro. Wani maƙwabcinmu ya yi sallama yana tambaya ko babbar motar albasa ce ta kafe a bayan gidanmu, a zo a tura.

Kaka kuwa a gindin rumbun take zaune tana shan hantsi, ni ban sani ba. Wani ɓangaren yaɓe ya ɓalle ya faɗo kusa da ita, ƙasa ta bule mata kallabi. Da na fito da gudu na same ta zaune yadda take, tana kakkaɓe kafaɗa.

"Maigida, rumbun ga kakanka ya gina shi. Fari bai kashe shi ba, gara ba ta kashe shi ba. Kai ne za ka kashe shi da waƙa?"

Na ce gwaji ne, amarya, kuma kowane gwaji da abin da yake koyarwa. Ta ce ita ma sandarta akwai abin da take koyarwa. Ban tsaya ɗaukar darasin ba.

Da yamma na gyara yaɓen da hannuna kafin Baba ya dawo, na kwaɓa ƙasa da ciyawa na shafe. Ya gani, ya ce dai in tuna cikin Yaya ya tsufa. Mai ƙarfe kuma washegari har da kawo wa Kaka goro.

Na kwanta ina tunani. Duk abin da na yi, murya nake bari ta fito sannan in bi ta da gudu ina neman kamawa. To me zai hana in hana ta fitowa tun daga tushe? Na je shagon Kawu na ce masa na samo magani, zan cire lasifikar gaba ɗaya in ga ko kwalaben kaɗai za su ɗan yi waƙa. Kawu ya ajiye abin da ke hannunsa, ya ce in na kuskura na kunna ampilin kwalabe ba lasifika a jikinsa, transfo zai ƙone, kuma irinsa babu ko a Tawa. Ya ce ƙarfin da kwalabe suke turowa dole ya samu inda zai je, kamar ruwan kwari ne bayan an yi sama, in ka tare shi ba ka yi masa hanya ba, gonarka zai ci.

A bakin shagon akwai wani rishon kuran da aka kawo gyara aka manta da shi, irin mai murɗaɗɗiyar waya da take yin ja in an jona. Ina zaune ina kallon sa, sai abin ya faɗo min. Wayar nan aikinta ke nan, ta sha kuran ta mai da shi zafi, ba ta cewa uffan. In na ba ampili wayar risho a madadin lasifika, zai yi ta turo ƙarfinsa yana zaton waƙa yake yi, kwalabe su yi nishinsu, ƙarfin ya tafi a zafi. Ni kuma in ɗebi ɗan kaɗan daga gefe in ba lasifika, kamar yadda Baba yake fasa ɗan bakin kwali, hanyar da ruwa ke bi a lambu, ya shayar da fangali ɗaya, sauran ruwan ya wuce. Na faɗa wa Kawu. Ya dube ni, ya ce wannan kan nawa da a lakwal nake amfani da shi da tuni an huta. Ya miƙo min abin awonsa.

Aikin bai zo da sauƙi ba. Dole tsawon wayar da zan yanka ya yi daidai da nauyin da lasifika take ɗora wa ampili, don kada transfo ya gane an yi masa musanya. Na yi ta awo ina matsawa har allurar ta tsaya inda take tsayawa in an auna lasifikar. Sannan wayar risho ba ta kama dalma, ka narka mata ta zame kamar ruwa a bayan agwagwa, sai da na ɗaure bakunan da ƙananan kusoshi masu murɗi. Na nannaɗe ta a jikin wani guntun bulo, na zura a babban gwangwanin tumatir, na cika shi da busasshen yashi daga gulbi don kada wayar ta taɓa ƙarfe, kuma yashin ya riƙe zafin. Na fito da 'yan wayoyi uku daga wurare dabam-dabam a jikinta. In na jona lasifika a ta farko, murya kamar rediyo. Ta biyu, kamar hira. Ta uku, wadda take can kusa da ƙarshe, kamar mutum yana gaya maka sirri.

Ban samu na gwada shi a gida yadda nake so ba, don ranar da na kawo gwangwanin ranar Yaya ta fara naƙuda. Aka tafi da ita asibiti, aka dawo da ita da ɗa namiji, ja wur, da hannu a dunƙule kamar ya zo rama wani abu. Gida ya cika da mata, ana ta dafa ruwan wanka a babbar tukunya, ana dama kunun kanwa. Na ja bakina na yi shiru, na zama yaron kirki mai ɗebo ruwa da faskare, ina fatan Kaka ta manta. Mai ƙarfe ya zo barka tun kafin dangin uban jaririn su iso daga Buza.

Kaka ba ta manta ba. Bayan suna da kwana kaɗan, da safe, an gama wa Yaya wanka, jariri ya sha ya yi barci, sai ga ta a bakin ɗakina da ƙwaryar man kaɗe a hannu. Baba bai tafi lambu ba ranar, yana tsaye a tsakar gida. Ta ce Inna ta zauna wajen jariri ta sa ido, in ya ko motsa yatsa ta faɗa. Ta shigo ta zauna a bakin gadona, ta dubi gwangwanin da ke kusa da akwati, ta tambaya ko miya nake dafawa. Na ce maganin surutu ne, in ya yi aiki zan haɗa mata nata.

Na jona lasifika a waya ta uku. Na kunna, kwalabe suka yi ja. Na rataya gita. Kaka ta miƙa hannu ta kama maɓallin, ta murɗa shi har ya tsaya, ta ƙara murɗawa don ta tabbata, har na ji tsoron ta ɓalle shi. Sannan ta toshe kunne ɗaya da yatsa ta ce in buga.

Na buga. Muryar Kaita ta fito, da kukanta da gurnaninta, cikakkiya, ba abin da ya ragu a jikinta sai girma. Kamar ka ɗauki raƙumi ka mai da shi ɗan tsako, amma da tozonsa da komai. Kaka ta cire yatsa daga kunne. Ta leƙa bayan akwatin ko na ɓoye wani abu. Ta tashi ta fita, ta shiga ɗakin mai jego, ni ina ta kaɗawa. Can na jiyo Baba daga tsakar gida yana cewa a gaya wa yaron nan ya fara mana, rana tana yi, shi yana da ban-ruwa.

Kaka ta dawo ta zauna. Ba ta ce na ci ba, Kaka ba ta faɗin irin wannan. Ta ce dai jinjirin yana da nauyin barci, ya gado kakansa. Na ci gaba da kiɗa don in ƙara mata haushi. Ta ɗora hannu a kan gwangwanin za ta jingina, ta janye da sauri.

"Abin ga da zahi."

Na ce ai ƙarar ce, duk wadda ba ta ji ba tana nan a ciki, ta zama zafi. Ta ƙura wa gwangwanin ido. Man kaɗen da ke ƙwaryarta sanyi ya sa ya daskare kamar dutse, kullum da safe sai ta yi ta fama da shi a tafin hannu, ko ta kai bakin murhu ya narke ya wuce misali ya yi ƙaurin hayaƙi, tana mita. Ta ɗebi ɗan guntu ta sa a murfin kwano, ta ɗora a kan yashin. Muka zuba masa ido ni da ita. A hankali ya fara laushi, ya kwanta, ya yi ɗumi daidai yadda ake shafa wa jariri. Na tsaya don in yi mata bayani. Ta ɗaga sanda.

"Wa ya ce ka tsaya? Bai gama narkewa ba."

Daga ranar na samu aiki. Kullum da safe kafin in tafi lakwal, ana sauke ruwan wankan jariri, sai in ji sanda tana bugun ƙofata, amarya tana cewa maigida ya tashi ya kunna murhunsa. Har ta gano cewa in na kaɗa mai sauri, da ƙarfi, man ya fi saurin narkewa, don haka in na ɗauko wani mai sanyi sai ta ce in bar lalaci. Ni ne mutum na farko a Madawa da kakarsa take tilasta masa kaɗa gita, kuma ina jin har Tawa babu na biyu. Ranar da aka ɗauke kuran kuwa ni ta yi wa faɗa.

Mai ƙarfe ya biyo sau ɗaya bayan haka. Kaka da kanta ta fita ta same shi, ta ce akwatin yana aiki, ba na bayarwa ba ne, amma in yana so akwai wani tsohon risho da jikanta ya cire wa hanji. Ya ɗauka, don bai saba tafiya hannu wofi ba.

Da Yaya ta yi arba'in aka mai da ita Buza, Kaka ma ta ɗaure kayanta za ta koma Urno. Na ɗauko kwalabe biyun nan daga safa na mai da su wurinsu, na ce yau akuya za ta sake motsa jini. Na zare gwangwanin, na murɗa, na buga. Ƙarar ta daki bango ta dawo ta dake ni, kuma abin mamaki, rabin abin da yatsuna suke yi ban ji shi ba. A 'yan makonnin nan na saba jin kowace tsirkiya dabam, har da 'yan kurakuran da dā ƙara take rufe min. Na mai da gwangwanin, na jona a waya ta biyu. Ƙanwata ta leƙo ta ce ko tsoron Kaka ne, ai ta kusa tafiya. Na ce ta je ta tambayi duk unguwa ko na taɓa jin tsoron wani.

Kaka tana bakin ƙofa ana ɗora mata kaya a kabu-kabu zuwa tasha. Ta kira ni, ta ce matar ƙanen Baba da ke Urno ita ma ta kusa, kuma sanyi bai wuce ba. Na ce ai unguwarsu ba kuran. Ta ce wannan matsalata ce, ni da na iya dabara, ta hau ta gyara zama ta ce wa mai babur ya ja.